Tambayoyinku: Fata da kunnen da ake renonsu a ɗakin gwaji, ina gaskiyar take?

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Saƙonnin wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato batun nan na renon fata ko guringuntsi ko ƙashi a ɗakin gwaji sannan a dasa wa mutum, don a gyara inda wuta ta ci, ko inda aka yanke saboda ciwon daji (kansa), ko abinda aka haifi yaro babu shi. Na zaɓo guda shida, wasu na rage musu tsawo amma ban taɓa ma'anar ba.

Assalamu alaikum likita. Ɗiyata 'yar shekara 5 ruwan zafi ya ƙona ta a ƙirji da hammata wata takwas kenan, ciwon ya warke alhamdulillah amma wajen yayi tauri ya tattare, yanzu bata iya ɗaga hannun sama sosai. Naji ance yanzu ana haɗa sabuwar fata a lab, dan Allah za'a iya cire wannan tabon gaba ɗaya a sa mata sabuwa? Wlh abin yana hanani barci. — Wata uwa

Wa'alaikumus salam Maman yarinya, Allah ya ƙara mata lafiya, ya ba ki haƙuri. Abinda kika ji gaskiya ne, ana renon fata a lab, wato ɗakin gwaji, kuma ba jiya aka fara ba. Tun 1975 wasu masana biyu a jami'ar MIT ta Amurka, Howard Green da ɗalibinsa James Rheinwald, suka gano yadda za'a sa ƙwayoyin saman fatar mutum su riƙa ninkuwa a cikin faranti har su haɗe su zama shimfiɗa guda. A 1983 aka kawo wasu yara biyu wa da ƙani asibitin ƙuna a Boston, wuta ta ci fiye da kashi 95 cikin 100 na jikinsu, ruwa ya ƙare wa ɗan kada kenan, domin dashen fata na yau da kullum sai an yanko daga wani wuri mai lafiya a jikin shi mai ƙunar, su kuma babu inda za'a yanko. Aka ɗebi ɗan abinda ya rage, aka rene shi, aka rufe musu wajen rabin jiki da shi, kuma suka rayu. Har gobe ana yin wannan, sunan kayan Epicel, ana ɗaukar 'yar fata ta santimita kaɗan, cikin kamar sati uku a samu wadda za ta rufe babban mutum.

To amma ki tsaya ki ji yadda fatar take. Da za ki ganta ranar da aka kawo ta ɗakin tiyata za ki yi mamaki, shara-shara ce, ana hango abinda ke bayanta, kaurinta ƙwayoyi 2 zuwa 8 ne kawai, an manna ta a jikin gos, wato ƙyallen ɗaure ciwo, don ba ta ɗaukuwa da hannu, yatsa in ya goge ta sai ta yage. Saman fata ne kaɗai, babu layin ƙasa mai kauri da ke ba fata ƙarfi da talewa, babu ramin gashi, babu hanyar zufa. Bayan ta kama ma takan yi ƙuraje masu ruwa, takan tsage, kuma ita ma tana tattarewa. Shi yasa ake ajiye ta don wanda ƙuna mai zurfi ta ci kashi 30 na jikinsa ko fiye, inda maganar rai ake yi. In aka cire tabon ɗiyarki aka sa wannan, tabon da za ki samu zai iya fin na yanzu muni.

Akwai wani abu na daban da ya fi kusa da matsalarku. Wani likitan tiyata John Burke da wani injiniya Ioannis Yannas, su ma a Boston, sun haɗa wata shimfiɗa mai ƙananan ramuka da kolajin na saniya, wato sinadarin da ke ba fata ƙarfi, da wani sinadari daga guringuntsin kifin shak, samanta an rufe da silikon. Babu ƙwayar halitta ko ɗaya a ciki. Ana shimfiɗa ta a kan ciwo, sai jikin mutum ya riƙa turo ƙwayoyinsa da ƙananan jijiyoyin jini cikin ramukan, bayan sati biyu zuwa uku a ɓare silikon ɗin a ɗora siririyar fatar mutumin a kai. Integra ake kiranta, Amurka ta amince da ita a 1996, kuma ana amfani da ita wajen sakin irin wannan tattarewar. Amma ko ita tiyata biyu ce, tana da tsada sosai, kuma in ƙwayar cuta ta shiga ƙarƙashinta aikin ya lalace.

Abinda nake so ki yi a satin nan shine ki kai ta wajen likitan tiyatar gyaran jiki ya duba hammatar. Tattarewar hammata abu ne da aka daɗe da sanin maganinsa, wani lokacin yanka ne mai siffar Z da ke tsawaita wajen, wani lokacin a saki tabon a cike gurbin da fatarta ta cinya ko a juyo fata mai jininta daga gefen baya. A wata takwas tabo bai gama nuna ba, yakan kai shekara ɗaya zuwa biyu yana canzawa, don haka rigar matsi da faifan silikon da man shafawa da motsa hannun kullum wajen masu gashin ƙashi duk suna da amfani yanzu yanzu. Kar ki bari sai ta girma. Yarinya tana tsawo, tabo ba ya binta, gaɓar sai ta ƙara ƙagewa. Tabon ba zai ɓace ɗungurungum ba, bazan ɓoye miki ba, amma ɗaga hannu kam insha Allahu za ta yi.

Likita ni ɗalibin koyon aikin jinya ne, inaso ka min bayani a sauƙaƙe yadda ake wannan abun. Kuma in har ana iya yin fata me ya hana ayi hannu ko hanta ko zuciya kawai a huta da neman masu bada gudummawa? — Ɗalibi

Ƙanina tambayarka ta biyu ita ce gaba ɗayan maganar. Bari in fara da ta farko a gurguje. Abu uku ake haɗawa: ƙwayoyin halitta, galibi na shi majinyacin don kar garkuwar jikinsa ta yaƙe su, sai firam da za su zauna a kai wanda ake yi da kolajin ko irin robar nan mai narkewa da ake zaren ɗinkin tiyata da ita, sai kuma sinadaran da ke gaya wa ƙwayar abinda za ta zama. Robert Langer da Joseph Vacanti ne suka tsara wannan tunanin a wata maƙala da ta fito a mujallar Science a 1993, daga nan fannin ya samu gindin zama.

Inda gizo ke saƙar shine jini. Duk wata ƙwaya a jikinka, in ka cire 'yan kaɗan, tana zaune ne kusa da ƙaramar jijiyar jini da tazarar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, saboda iya nisan da iskar oksijin ke iya ratsawa kenan. In ka rene tsoka mai kaurin santimita ɗaya ka dasa, na gefe za su samu abinci, na tsakiya kuwa kafin jijiyoyi su tsiro su iso gare su, abinda ke ɗaukar kwanaki da makonni, sun riga sun mutu. Kamar ka gina unguwa guda ka zuba mutane alhali ba a ja ruwa ba, na bakin titi ne kawai za su sha. Yanzu duba jerin abubuwan da aka yi nasara a kansu ka gani: saman fata siriri ne, fatar gaban ido siririya ce kuma ba ta da jijiyar jini, guringuntsi dama can ba jijiyar jini a cikinsa. Hanta kuwa jini ne ke ratsa ta ko'ina, hannu kuma ga ƙashi ga tsoka ga jijiyar motsi ga ta ji, kowanne sai an haɗa shi da na jiki.

Akwai dabarar da wasu likitoci a Kiel ta ƙasar Jamus suka yi a 2004 wadda har yau tana burge ni. Wani mutum ɗan shekara 56 ciwon daji ya sa an cire masa muƙamuƙin ƙasa. Suka ɗauki hoton kansa da na'urar CT, suka ƙera raga ta ƙarfen taitaniyam daidai siffar muƙamuƙin, suka cika ta da gutsattsarin ma'adinin ƙashi da ɓargonsa da wani sinadari mai sa ƙashi ya tsiro da ake kira BMP, sannan maimakon su ajiye a lab sai suka binne ragar a cikin faffaɗar tsokar bayansa. Sati bakwai tana can, jikinsa da kansa ya saƙa mata jijiyoyi. Sai suka ciro ta tare da tsokar da jijiyarta suka kai fuska suka ɗinke jijiyoyin da na wuya, kuma mutumin ya tauna abinci bayan shekaru bai yi ba. Daga baya ragar ta samu matsala, ciwo ya shiga, shi kuma ya rasu da bugun zuciya bayan wata 15. Shi yasa har yanzu in muƙamuƙi ya tafi abinda ake yi shine a ciro siririn ƙashin ƙauri tare da jijiyoyinsa, fiye da santimita 20 ana iya samu kuma mutum ya ci gaba da tafiyarsa, a lanƙwasa shi a dasa, aikin da David Hidalgo ya bayyana a 1989.

Ita kanta jijiyar jinin, babba dai, an fara samu. A Disamban 2024 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da wata jijiya ta kamfanin Humacyte da ake renonta da ƙwayoyin mutum kamar wata biyu sannan a wanke ƙwayoyin tas a bar bututun kolajin, don gyaran jijiyar hannu ko ƙafa da rauni ya tsinka. Amma bututu ɗaya mai faɗin milimita 6 daban, dubban ƙananan da ido ba ya gani daban. Waɗannan ƙananan su ne har yanzu suka gagara.

Salam. An haifa min yaro kunnensa na dama bai fito ba sai ɗan tsiro kawai, yanzu shekararsa 4. Na taɓa ganin hoton ɓera da kunnen mutum a bayansa, kuma kwanaki naga ance an buga wa wata mata kunne da firinta. Wani likita yace sai an yanki haƙarƙarinsa, ni kuma gaskiya tsoro nakeji. In jira wannan sabuwar hanyar ne? — Baban yaro

Malam Allah ya raya shi. Kafin maganar siffa, an gwada jinsa? Yaran da aka haifa haka sau da yawa ramin kunnen ma a toshe yake, kuma in ɗayan kunnen yana ji lafiya magana za ta zo daidai, amma dole a tabbatar, a kuma riƙa kula da lafiyayyen kunnen sosai don shi ne jarinsa. Wannan ya fi gaggawa.

Hoton ɓeran nan na 1997 ne, aikin Yilin Cao da Charles Vacanti da abokansu. Ba kunnen mutum bane kuma ba a taɓa dasa wa kowa shi ba. Firam ne na roba mai narkewa da aka yi masa siffar kunne, aka zuba masa ƙwayoyin guringuntsin ɗan maraƙi, aka sa a ƙarƙashin fatar wani irin ɓera mai raunin garkuwar jiki. Daga wannan hoton zuwa gwaji a jikin mutum sai da aka ɗauki wajen shekara ashirin, kaga ba ƙaramin aiki bane. A 2018 masana a ƙasar Sin suka bada rahoton yara biyar da aka ɗebi ƙwayoyi daga ɗan tsiron kunnensu, irin na ɗanka, aka ɗauki hoton lafiyayyen kunnen aka juya shi a kwamfuta, aka rene guringuntsin wata uku aka dasa. Wadda aka fi daɗewa ana bibiya a lokacin shekara biyu da rabi ce, kuma sakamakon bai zo iri ɗaya ba, wasu kunnuwan sun ɗan canza siffa. Na firintar da ka gani kuwa a 2022 ne a Texas, wata budurwa 'yar shekara 20 daga Meziko, kuma gwaji ne na farko farko, ba abu bane da za ka je asibiti ka ce a yi maka.

Matsalar kunne ita ce fatar da aka rufe shi da ita tana jansa kullum, tabo yana matsa shi, guringuntsin lab kuma bai kai na asali tauri da dawowa ba, to tambayar ba wai yaya yake ranar da aka cire bandeji bane, yaya zai kasance bayan shekara goma, ashirin, yaron nan yana kwanciya a kansa yana wasa ana bugunsa. Guringuntsin haƙarƙari an san amsarsa, tun 1959 Radford Tanzer ya fara, Burt Brent da Satoru Nagata suka inganta. Ana ɗiban guringuntsin da ke gaban haƙarƙari wajen na 6 zuwa na 9, ba ƙashin ake cirewa ba, likita ya zauna ya sassaƙa shi da hannu har ya fito da lanƙwasar kunne. Akwai zafi a ƙirji na kwanaki, akwai tabo, wani lokacin wajen yakan ɗan lotsa, ba zan ce maka babu ba. Amma nasa ne, jikinsa ba zai ƙi shi ba, kuma yana zama har tsufa. Wasu likitocin suna yi daga shekara 6, masu bin tsarin Nagata sai 10 lokacin da ƙirji ya yi faɗi. Akwai kuma firam na roba mai ramuka da ake iya sawa da wuri, sai dai shi in ya huda fata ko ya karye sai an sake aiki.

Kaga kenan kana da shekara biyu zuwa shida a gabanka in hanyar haƙarƙari za ka bi. In lokacin ya yi ka sake tambaya ina aka kwana, amma kar ka wuce lokacin kana jiran gawon shanu. Kuma ka riƙa jin ta bakin yaron in ya yi wayo, kunnensa ne.

Don kar ka ce na kashe maka gwiwa da guringuntsin lab gaba ɗaya, a ƙaramin wuri yana aiki. A Basel ta Suwizalan an bada rahoto a 2014 na tsofaffi biyar da kansar fata ta ci musu gefen hanci, aka ɗebi milimita 6 daga bangon da ya raba ƙofofin hancinsu, aka rene shi wata guda ya ninka sau da yawa, aka gyara hancin da shi, bayan shekara suna numfashi lafiya.

Babanmu yana da ciwon suga, gyambon ƙafarsa ya kusa shekara yaƙi warkewa. Ance akwai fatar lab da ake mannawa. Tana aiki? Kuma da me ake yinta, jikinsa bazai ƙi ta ba? — 'Yarsa

'Yar'uwa Allah ya ba Baba lafiya. Akwai, wadda aka fi sani Apligraf ce, an amince da ita a Amurka a 1998 don gyambon jijiya, a 2000 don na masu suga. Da kolajin na saniya ake yinta da ƙwayoyin da aka samo daga fatar kaciyar jarirai. Ba ta zama fatarsa, bayan wasu makonni ƙwayoyin sun ɓace, aikinta ta zauna a kan ciwon tana fitar da sinadaran da ke zaburar da fatarsa ta rufe da kanta, shi yasa maganar ƙi ba ta cika tasowa ba. Sauran irinta wasu daga fatar mamaci ake yi, wasu daga alade, wasu daga kifi, don haka kuna da haƙƙi ku tambaya kafin a sa masa komai.

Amma ba ta yin komai a kan ƙafar da jini ba ya isa, ko ciwon da ke da ruɓa ko ƙwayar cuta ta kai ƙashi, ko wanda ake takawa kullum. A auna gudun jini a ƙafar, a kankare mataccen nama, a ɗauke nauyi daga wajen da takalmi na musamman ko filasta, a saita sugan. Gyambo da yawa a nan suke warkewa ba tare da an kai ga fatar lab ba. In kuma ƙafar ta fara baƙi ko wari ko zazzaɓi ya zo, a ranar za ku tafi asibiti.

Likita naga talla a intanet wani asibiti a ƙasar waje suna cewa da allurar sitem sel suna gyara tabo, gwiwa, shanyewar jiki har da makanta, kuma akwai bidiyon mutane suna godiya. Yayana yana shirin sayar da abinda ya mallaka ya tafi. Ya kake gani? — Mai neman shawara

Ɗan'uwa ka riƙe shi, don Allah ka riƙe shi. Allura ɗaya mai maganin tabo da gwiwa da ido babu ita. Sitem sel gaskiya ne, su ne iyayen ƙwayoyi da ke haifar da sauran, kuma a cikin kitsen jiki ma akwai irinsu, an nuna haka tun 2001. Amma kasancewarsu a cikin sirinji ba ya nufin sun san inda za su je da abinda za su yi. A 2017 wata babbar mujallar likitoci ta Amurka ta kawo labarin tsofaffin mata uku a Florida da aka zuƙi kitsensu aka yi musu allurarsa a idanu biyu rana ɗaya, sun biya kuɗi masu yawa, sun shiga suna gani daidai gwargwado, suka ƙare ɗaya ba ta gani sam sauran biyun ganinsu ya lalace ƙwarai.

Kuma kar ka ɗauka sai a lungu ake wannan ɓarnar. Paolo Macchiarini likita ne ɗan Italiya da duniya ta yi ta yabo, yana aiki a Karolinska ta Suwidin, cibiyar da ke zaɓen wanda za'a ba kyautar Nobel ta likitanci. Daga 2011 ya fara dasa wa mutane maƙogwaron roba da aka jiƙa da ƙwayoyin ɓargonsu, yana cewa za su tsiro su lulluɓe robar ta zama nama. Ba a gwada wannan robar a jikin dabba ba kafin a sa wa mutum. Ƙwayoyin basu tsiro ba, ina za su samu jini a jikin roba? Bututun ya riƙa saki yana ruɓar da abinda ke kewaye da shi, marasa lafiya uku da ya yi wa a can duk sun rasu, ɗaya bayan shekaru tana jinya mai tsanani, alhali takardun da ya wallafa suna cewa komai lafiya. Likitoci huɗu abokan aikinsa ne suka tona a 2014, aka kore shi a 2016, a 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke masa ɗaurin shekara biyu da rabi. Duk lokacin da na tuna mutanen nan raina yana ɓaci, don amana suka bayar.

Ko aikin da aka yi da gaskiya ma wani lokacin baya ɗorewa. A 2006 Anthony Atala ya bada rahoton yara da matasa bakwai da aka ƙara musu mafitsara da wadda aka rena daga ƙwayoyinsu, duniya ta ɗauka, amma da aka sake gwadawa a wasu yaran, sakamakon da ya fito a 2014 ya nuna mafitsarar ba ta inganta ba kuma an samu matsaloli masu tsanani. Bambancin shine su sun faɗi gaskiya sun buga.

Ga kuma yadda na ƙwarai yake kama. A 2015 an kai wani yaro ɗan Siriya mai shekara 7 asibiti a Bochum ta Jamus, an haife shi da ciwon gado da ke sa fata ta riƙa saluɓewa da ɗan taɓawa, ya rasa mafi yawan fatarsa har an fara cire rai. Aka aika 'yar fatarsa Modena ta Italiya wajen Michele De Luca, suka gyara ƙwayar gadon da ta lalace mai suna LAMB3, suka reni fatar suka rufe masa kashi 80 na jiki. An buga aikin a 2017, an sake bugawa bayan shekara biyar cewa fatar tana nan daram. Ciwo ɗaya takamaimai, ƙwaya ɗaya da aka san aikinta, shekaru ana bibiya. Haka ma ido, De Luca da Graziella Pellegrini suna gyara gaban idon da sinadari ya ƙona da ƙwayoyin gefen idon mutum, Tarayyar Turai ta amince a 2015, amma wannan ciwon kawai yake yi wa, ba kowace makanta ba.

To yayanka ya tambaye su, wace hukumar magunguna ce ta amince da wannan allurar don wannan ciwon nawa, mutum nawa aka yi wa kuma ina aka buga abinda ya same su bayan shekara biyu, in matsala ta taso bayan na dawo wa zai duba ni. In suka ce gwaji ne, gwaji na gaskiya yana da rajista da kwamitin da ke sa ido, kuma galibi ba a karɓar maƙudan kuɗi a hannun wanda ake gwaji a kansa. In amsar ta zama romon baka da ƙarin bidiyo, ya riƙe dukiyarsa.

Na ƙone a hannu da fuska bara, ya warke amma wajen yayi fari fat, mutane sai kallo. Fatar lab ɗin tana zuwa da kala? — Wata budurwa

Ƙanwata sannu, na san kallon nan yana da ciwo. Launin fata wasu ƙwayoyi ne na musamman ke yinsa da ke zaune a ƙasan saman fata da gindin gashi, kuma a wajen reno su ne ke baya, sauran ƙwayoyin sun fi su saurin ninkuwa, shi yasa fatar lab takan zo da dabbare-dabbare ko fari. Masana a Zurich suna aiki a kan mai launi amma tana matakin bincike.

Abinda ya fi kusa da ke shine fatar fesawa, wadda Fiona Wood da Marie Stoner suka ƙirƙiro a Perth ta Ostareliya, aka santa bayan harin bam na Bali a 2002. Ita ba a kai ta lab ma, a ɗakin tiyata ake yankar 'yar fata mai launi, a jiƙa ta a wani sinadari da ke warware ƙwayoyin, cikin kamar rabin awa a samu ruwa mai ɗauke da su har da masu launin, a goge saman farin wajen a fesa. Santimita ɗaya tana iya rufe har 80. ReCell ake kiranta, Amurka ta amince da ita don ƙuna a 2018, don ciwon farin fata da ya daina yaɗuwa a 2023. Launin yakan dawo amma ba lallai ya zo daidai da na gefe ba, wani wajen ya fi duhu wani ya fi haske. Akwai kuma tsohuwar hanya ta ɗora siririyar fatarki ko 'yan ƙananan ɗigo-ɗigo a wajen, likitan fata ko na tiyatar gyara zai gaya miki wadda ta dace da girman naki.

Kafin nan ki duba wajen da kyau a haske. In kina ganin ƙananan ɗigon baƙi a gindin gashi ko launi yana shigowa daga gefe, to yana dawowa da kansa, kuma hakan yakan ci shekara ɗaya zuwa biyu, sai a jira a gani kafin a taɓa. Ki riƙa shafa man kariya daga rana kina rufe wajen don farar fatar nan ba ta da garkuwa, rana tana ƙona ta da sauri, kuma kar ki shafa man bilicin a sauran fuskar don ta yi daidai da shi, zai ƙara ɓata miki ne. In kuma wani gefe na tabon ya buɗe ya ƙi rufewa har wata biyu uku, ki kai a duba shi ba tare da jira ba.